Darasi na 18: Auta ya sauka gidan baƙi a Maraɗi

1. Shiri tun daga gida

Auta ɗan lakkol ne, yana aji biyar. Ƙauyensu yana arewa da Tasawa, tafiyar hantsi a amalanke. Bai taɓa zuwa Maraɗi ba.

Innarsa tana cikin ƙungiyar asusu, irin wadda ake kira Mata Masu Dubara. An fara irin wannan ƙungiya a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Kowane mako mata suna zuba kuɗi kaɗan cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi, ta biya daga baya. Bayan kaka, Inna ta ci bashin jikka 60 don a saya wa yayar Auta keken ɗinki. Ta roƙi wanta, wato kawun Auta, ya je Maraɗi ya sayo.

Ta ce masa: «Yaya, kuɗin nan ba nawa ba ne, na mata talatin ne. Ko dala kada ta yi ciwon kai.»

Kawu ya ce: «To, ki ba ni Auta, tun da suna hutu. Ni ban iya rubutun boko ba. Shi zai riƙe lissafi.»

Da dare Kawu ya sa Auta ya ɗauko kaye da alƙalami. Ya ce: «Rubuta tambaya huɗu. Me zai kai mu? Wace rana za mu je? Ina za mu kwana? Nawa za mu kashe? Sai mun amsa su duka za mu taka ƙafa.»

Tambaya ta farko ba wuya. Sauran uku kuwa sai da suka yi tambaya. Mushe ya nuna wa Auta taswira. Babbar hanya mai lamba 1 ta taso daga Damagaram, ta ratsa Tasawa, Gazawa, Agye da Cadawa, sannan Maraɗi. Daga Tasawa zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne. Kawu kuma ya je tashar Tasawa, ya sami wani direba da ya sani. Direba ya ce babbar kasuwar Maraɗi ta fi cika ran Litinin da ran Juma'a. Ya gaya masa kuɗin mota.

Saura wurin kwana. Kawu ba shi da ɗan'uwa a Maraɗi. Otel kuwa, kwana guda zai cinye kuɗin abincinsu duka. Direba ya kwatanta masa wani gidan baƙi mai araha kusa da tasha, inda ƴan kasuwa suke sauka. Ya ba shi lambar wayar mai gidan. Kawu ya kira, aka ce masa akwai wuri.

Ga abin da Auta ya rubuta:

Mota, mutum 2, zuwa da dawowa: 10.000 F
Masauki, mutum 2, kwana 2: 4.000 F
Abinci, yini 3: 6.000 F
Kabu-kabu cikin gari: 1.000 F

Kawu ya ce: «Ƙara jikka 3 a ƙasa.»

Auta ya ce: «Na mene ne, Kawu?»

«Na abin da muka manta.»

Kawu ya sayar da wake ya haɗa kuɗin tafiya, ya sa su a aljihu guda. Kuɗin keke kuwa, Inna ta ɗinke masa su cikin ƴar ciki. Suka ɗaure guzuri: tabarma, sange, buta, tocila, garin rogo da ƙuli-ƙuli. Kawu ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa, Auta ya ɗauki takardar haihuwarsa.

2. A gidan baƙi

Ran Lahadi suka yi asubanci. Auta ya ce: «Kawu, kasuwa sai gobe. Don me muke sammako?»

Kawu ya ce: «Baƙo makaho ne ko da yana da ido. In ya shiga gari da dare, makantarsa ta zama biyu.»

Kafin azahar sun isa. Gidan baƙin yana da zaure, da tsakar gida mai bishiyar bedi, da famfo guda. Ɗakunan maza suna gabas, na mata suna yamma. Mai masauki dattijo ne, yana zaune a zaure da babban littafi. Bayan sun gaisa ya ce: «Ɗakin mutum guda jikka 4 ne. Babban ɗaki kuwa mutum takwas yake ɗauka, kowa jikka guda a kwana.»

Kawu ya ce: «Alhaji, babban ɗaki muke so. Amma a yi haƙuri, mu gani tukuna.»

Ya duba ɗaki, ya ga akwai taga da ƙyaure mai kuba. Ya duba makewayi. Ya murɗa famfo, ruwa ya zo. Ya tambayi lokacin da ake rufe ƙofa, aka ce ƙarfe 11 na dare. Sannan ya biya. Alhaji ya duba katinsa, ya rubuta sunayensu da garinsu cikin littafi.

Kawu ba ya son kwana da jikka 60 cikin mutanen da bai sani ba. Sai ya ba Alhaji ajiya. Aka ƙirga kuɗin gaban shaidu biyu. Auta ya rubuta takarda da kwanan wata da yawan kuɗin, Alhaji ya sa hannu.

Cikin ɗakin akwai mai sayar da fata, da makaɗi, da ɗalibai biyu da suka zo ajiye takardu. A lungu kuma ga wani saurayi zaune shiru. Da Kawu ya kwaɓa gari ya ce masa bismilla, sai ya matso, ya ci da sauri.

Shi mutumin Mayahi ne. Ya taso neman wansa, bai kira shi ba, bai aiko ba. Da ya iso da dare, ya tarar wan ya tashi zuwa Kano tun bara. Ya shiga yawon tambaya a kan kabu-kabu har kuɗin komawarsa suka ƙare. Yau kwanansa huɗu, Alhaji ne ya bar shi yana kwana kyauta.

Auta ya shafa kayensa cikin jaka, bai ce kome ba.

3. Ran kasuwa

Ran Litinin da safe Auta yana ɗokin ganin gari. Kawu ya ce: «Abin da ya kawo mu shi ne farko. Kallo sai bayan la'asar.»

Suka karɓi ajiyarsu, aka yaga takarda. Alhaji ya haɗa su da wani tela maƙwabcinsa, don ya gwada musu keke. Shagon farko aka ce jikka 68. Na biyu aka ce 63. A na uku tela ya zauna ya ɗinka tsumma, ya saurari ƙarar keken, ya ce lafiyarsa lau. Aka yi ciniki, aka daidaita a jikka 58. Auta ya ce a ba su takardar saye, aka ba su.

Suna fitowa Auta ya ga takalmin ƙwallo a rataye. Ya ce: «Kawu, ai jikka 2 sun yi saura.»

Kawu ya ce: «Sun yi saura ga wa? Duba kayenka. A wane layi aka rubuta takalmi?»

Auta ya sunkuyar da kai.

Sai ga wani abu: keke yana da nauyi, ba ya hawa kabu-kabu. Dole suka kira ɗan dako, ya karɓi dala 100. Da suka biya tasha don kama wurin gobe, yaron mota ya ce kuɗin kaya jikka guda. Auta ya duba lissafinsa sama da ƙasa, babu ɗan dako, babu kuɗin kaya. Nan ya gane amfanin layin ƙarshe.

Da la'asar suka je suka ga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Suka gangara suka ga gulbi da garake. Kafin magariba sun koma masauki.

Da dare Kawu ya yi magana da mutanen ɗaki a kan saurayin nan. Ya fara ajiye jikka guda a kan tabarma. Mai fata ya ƙara, makaɗi ya ƙara, har kuɗin mota suka cika. Ran Talata suka shiga mota tare. A Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu, saurayin ya sauka yana ta godiya.

Da suka isa gida, mata suka taru kallon keke. Auta ya buɗe kaye ya karanta wa Inna lissafi, layi bayan layi. Kawu ya miƙa mata takardar saye da canjinta jikka 2. Inna ta ƙirga, ta ce: «Madalla. Da waɗannan zan fara biyan bashi.»

4. Mu ƙara sani

Sauke baƙi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A zamanin da, fatake suna tafiya da jakai har Gwanja sayen goro. Inda ayari yake yada kaya ya kwana, shi ake kira zango. Har yau a Kumasi da Akara, cikin ƙasar Gana, ana kiran unguwannin baƙi Zango. A manyan kasuwanni kuma akwai fatoma. Shi yake ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa masu saye, a ba shi la'ada. Jarinsa shi ne amana. In ya ci amanar baƙo guda, labari zai bi ayari, ba mai sake sauka gidansa.

A Turai ma akwai gidajen kwana masu araha. Wani malamin makaranta a Jamus, mai suna Richard Schirrmann, yana fita yawon buɗe ido da ɗalibansa. A shekarar 1909 ya yi tunanin a tanadi wuraren kwana don yara matafiya. A 1912 aka kafa irin wannan gida cikin wani tsohon ginin sarauta a garin Altena. Yanzu akwai irinsu a ƙasashe da yawa: mutane da dama a ɗaki guda, kowa ya biya kuɗin gadonsa.

Garin da Auta ya ziyarta shi ma yana da tarihi. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu bayan jihadi su suka kafa sarauta a Maraɗi, wajen shekarar 1819. A farkon mulkin Faransawa, kumandan a Tasawa yake zaune. A 1927 aka mai da mazauninsa Maraɗi. Tsohon gari yana cikin fadama ne. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya rushe gidaje, aka sake gina gari a kan tudu, da tituna miƙaƙƙu.

Kalmomi

Masauki: wurin da baƙo yake kwana.
Guzuri: abinci da kayan da matafiyi yake ɗauka daga gida.
Ajiya: abin da aka ba mutum ya riƙe, ya mayar in an nema.
Ɗan dako: mai ɗaukar kaya a biya shi.
Falke: ɗan kasuwa mai tafiya nesa. Jam'i: fatake.
La'ada: ladan wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi huɗu Kawu ya sa Auta ya rubuta?
2. Don me suka tafi ran Lahadi da sassafe?
3. Me da me Kawu ya duba kafin ya biya kuɗin ɗaki?
4. Don me aka ƙirga ajiya gaban shaidu?
5. Wane kuskure saurayin Mayahi ya yi? Me ya kamata ya yi tun yana gida?
6. Kawu ya hana a taɓa jikka 2, amma ya ba da jikka guda kyauta. Mene ne bambancin kuɗin nan biyu?

Lissafi

Ku tuna: dala 1 = 5 F. Jikka 1 = dala 200 = 1.000 F.

1. Nawa ne jimlar kuɗin tafiya, har da jikka 3 na ƙarshe?
2. Daga jikka 3, ku cire kuɗin ɗan dako, da kuɗin kaya, da kyautar Kawu. Dala nawa suka rage?
3. Da sun kama ɗakin jikka 4 kwana 2, nawa za su ƙara a kan abin da suka biya?
4. In mota tana cin kilomita 60 cikin awa guda, awa nawa za ta yi daga Tasawa zuwa Maraɗi?

Aiki

1. Ku zana hanyar Tasawa zuwa Maraɗi, ku sa garuruwan da ke kanta, da inda hanyar Mayahi ta rabu.
2. Farashi yana canzawa. Ku tambayi kuɗin mota na yau a tasha mafi kusa da ku, ku tsara lissafin tafiyar kwana 2 ta mutum 3.
3. Ku tambayi wani tsoho a garinku inda baƙi suke sauka a da. Ku rubuta amsarsa cikin layi 10.
4. Ku fassara tambayoyin Kawu huɗu da faransanci.