Darasi A Kan Ƙananan Jiragen Kaya Da Ɗalibai Ke Ƙerawa Domin Gasa

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, su karanta, su kuma bayyana wa jama'a. Maganar da ke ciki ita ce ta wata gasa da ɗaliban jami'o'i ke yi a ƙasashen waje, inda kowane rukuni ke ƙera ƙaramin jirgin sama, a ɗora masa kaya, a ga wanda zai fi ɗauka. Ya yiwu mai karatu ya ce ai wannan wasan yara ne. To, a yi haƙuri a bi bayanin har ƙarshe, gama a cikinsa akwai abin da ya shafi duk wanda aka danƙa wa alƙalami da littafin lissafi.

Asalin Gasar

Ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka da ake kira SAE ita ce ta soma irin wannan gasa cikin 1986, ƙasar Barazil kuwa ta kafa tata cikin 1999. Ta ƙasashen Turai, wadda ake kira Air Cargo Challenge, watau gasar ɗaukar kaya ta sama, an fara ta a ƙasar Fotugal cikin 2003, sa'an nan aka buɗe ta ga sauran ƙasashe cikin 2007. Al'adarta ita ce rukunin da ya ci shi zai karɓi baƙi a karo na gaba. Ta haka aka yi ta a Zagreb ta ƙasar Kuroshiya cikin 2017, da Stuttgart cikin 2019, da Munich cikin 2022, da Aachen cikin 2024, waɗannan uku duk a Jamus.

Jiragen ba su ɗaukar mutum. Matuƙi yana tsaye a ƙasa, yana sarrafa jirgi da na'urar rediyo da ke hannunsa. A gasar Turai alƙalai sukan ƙayyade irin injin lantarki da farfelar da kowa zai yi aiki da su, don kada mai kuɗi ya rinjayi mai dabara. Sun kuma saba ƙayyade filin tashi, mita 60, watau wajen yadi 65. Jirgin da ya wuce iyaka ƙafarsa na ƙasa ya faɗi a wannan zagaye. Lalle ne kuma ya tashi, ya kewaya, ya sauka lafiya ba tare da wani sashe nasa ya ɓalle ba. Tun kafin ranar tashi kowane rukuni zai aika da rahoto a rubuce, da zanen jirgin, ya kuma tsaya gaban alƙalai ya kare lissafinsa. A gasar SAE har akan nemi ɗalibai su faɗi tun da wuri nauyin da jirginsu zai ɗaga, a ba su ƙarin maki gwargwadon yadda maganarsu ta dace da abin da aka gani a fili.

Abin Da Ke Ɗaga Jirgi

Idan fiffike ya keta iska da gudu, siffarsa takan karkatar da iskar zuwa ƙasa, ita kuwa ta tura shi sama. Ƙarfin wannan turi ya dogara ga abu huɗu: faɗin fiffike, da siffarsa, da kaurin iska, da gudun jirgi. Gudu ya fi sauran tasiri, domin in aka ninka shi sau biyu ƙarfin ɗagawa yakan ninku sau huɗu. Amma fa fili gajere ne, inji kuma ƙarami, saboda haka jirgin ba shi da damar tara gudu mai yawa. Dole ɗalibai su nemi sauran ƙarfin daga fiffike. Da yawansu sukan zaɓi siffa mai lanƙwasa ƙwarai, irin wadda ake kira S1223, wadda Michael Selig na Jami'ar Illinois ya tsara, gama tana ɗaga nauyi ko da gudu kaɗan ne.

Abu na biyu shi ne nauyin jirgin kansa. Duk giram ɗin da aka ƙara wa jikinsa an rage shi ke nan daga kaya. Don haka ake ƙera shi da katakon balsa, wanda yawancinsa daga ƙasar Ikwado yake zuwa, mai sauƙin nauyi ƙwarai, da kuma zaren kabon da ake daskarar da shi da gam. A nan gwaninta take. In an yi fiffike da kauri ya yi nauyi, in an rage shi fiye da kima ya karye a sama. Jirgin da aka ƙera da kyau yakan ɗauki kayan da suka fi nauyin jikinsa.

Gwaje-gwaje Kafin Tashi

Na ɗaya, gwajin fiffike. Akan kifar da shi, a jera masa ƙananan buhunan yashi kaɗan kaɗan, ana auna yadda yake lanƙwasa ana rubutawa. Akan ɗora abin da ya fi nauyin jirgi da kayansa, domin sa'ad da jirgi ke juyawa ko guguwa ta buge shi, nauyin da ke kan fiffike yakan ninku. Gara ya karye a ɗakin aiki da ya karye a gaban alƙalai.

Na biyu, gwajin inji. Akan ɗaure inji da farfelarsa a kan ma'auni, a kunna, a karanta ƙarfin jansa, a kuma duba minti nawa batir zai yi kafin ya raunana.

Na uku, daidaita kaya. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ya san in gefe guda ya rinjaya tafiya ba za ta yi nisa ba. Haka jirgi yake. Tsakiyar nauyinsa wajibi ne ta faɗa kusa da rubu'i ko sulusin faɗin fiffike daga gaba. In ta koma baya, jirgi ya ɗaga hanci, gudunsa ya mutu, ya rikito. Saboda haka akan sa akwatin kaya daidai wannan wuri, a ɗaure kayan tam don kada su zame.

Na huɗu, tashi. Akan fara da jirgi babu kaya, sa'an nan a riƙa ƙara nauyi da kaɗan kaɗan. Kowane tashi akan rubuta nauyin kaya, da nisan da jirgi ya ci kafin ya bar ƙasa, da zafin rana, da inda iska ta fito. Wannan hanya tsohuwa ce. Wilbur da Orville Wright sun gwada siffofin fiffike wajen 200 cikin wani akwatin iska da suka ƙera a 1901, kafin jirginsu ya tashi ran 17 ga Disamba 1903.

Misali Na Lissafi

Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, haka kuma iskar tudu ba ta kai ta bakin teku ba. A bakin teku, in zafi ya kai digiri 15, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinta kilo 1.225 ne. In zafi ya hau digiri 35, sai ta ragu da wajen kashi 6 da rabi cikin 100.

To, a ƙaddara jirgi nauyinsa kilo 5 ne, ya kuma ɗaga kaya kilo 10 a ranar sanyi, jimla 15. A ranar zafi abin da fiffike zai ɗaga a wannan gudu ya koma wajen kilo 14. Jikin jirgi ba ya raguwa, saboda haka hasarar duka kan kaya za ta faɗa, su koma kilo 9. Ɗalibin da ya rubuta 10 don ya burge alƙalai, ya kuma nace a ɗora masa 10, zai ga jirginsa ya cinye fili bai tashi ba, aikin watanni ya tafi a banza. Wanda ya rubuta 9 bisa gaskiyar abin da ya auna shi zai tafi da maki.

Abin Lura Ga Hakimai Da Malamai

Amfanin wannan ilmi ya riga ya iso gare mu. Cikin 2016 kamfanin Zipline ya soma kai jini asibitocin karkara a ƙasar Ruwanda da ƙananan jirage marasa matuƙi, ya shiga Ghana cikin 2019, ya kuma fara kai magunguna a Jihar Kaduna cikin 2022. A shekarar nan ta 2022 kayan da aka sa ɗalibai su ɗauka a gasar Munich jakunkuna ne da aka kwaikwayi na jinin asibiti. Jirgin da zai kai jini ga mai haihuwa, lissafin nauyinsa ba wurin ƙari ko ragi ba ne.

Malamin da ke rubuta yawan jama'a, ko na dabbobi, ko na amfanin gona, matsayinsa ɗaya da ɗalibin nan. Bisa adadin da ya rubuta za a aiko da magani da taki da malaman makaranta. In ya ƙara don ya faranta ran na gaba, ko ya rage don gudun wahala, ranar gwaji tana zuwa, talakawa ne kuwa za su ɗauki hasarar. A auna kafin a rubuta, a rubuta abin da aka auna, in an sami kuskure a gyara shi a fili.

Har wa yau, a garuruwanmu akan sami yaro mai haɗa jirgi da kwali da gwangwani da tsohon injin rediyo. Ana roƙon Hakimai kada su bari a mai da shi abin dariya. A kira shi, a yi masa tambaya uku: nawa ne nauyin jirginka, nawa yake ɗauka, a ina ka rubuta? In ba shi da amsa, a ba shi littafi da fensir, a nuna masa ma'auni, a kuma haɗa shi da malamin kimiyya na makarantar da ke kusa. A sanar da shi cewa akwai makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, ƙofarta kuwa sai da lissafi ake shiga.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.