Nasiha Ga Masu Fita Shan Iska A Kogin Ubangi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali sana'ata tuƙin jirgin ruwa ce tsakanin Bangi da Zongo, shi ne wata al'ada da na ga tana yaɗuwa a cikin samarinmu na unguwannin Miskin da Kilomita Biyar, musamman a ranakun Salla, wato su haɗa kuɗi su sauka bakin kogi bayan azahar, su yi hayar kwalekwale mai inji, sa'an nan su ce wa mai shi ya zauna a gaɓa, domin su ne za su tuƙa da kansu.

Asalin wannan sha'awa hotunan da suke gani ne a waya, na birane irin su Amsterdam ta ƙasar Holan, inda baƙo yake hayar ƙaramin jirgi mai lantarki ya yi ta zagaya magudanan birni ba tare da lasisi ba. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne cewa ruwan can a kwance yake tsakanin katangu biyu, an kuma ƙayyade wa jiragen gudu kaɗan ƙwarai, ta yadda ko inji ya mutu gaɓa tana kusa. Ubangi kuwa kogi ne mai tafiya dare da rana, da duwatsu a cikinsa daidai birnin Bangi, kuma ɗaya gaɓar tasa ƙasar Kwango ce, wadda shigarta ba da takarda ba wata fitina ce dabam.

Wanda bai saba ba yakan ɗauka cewa rani, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya janye tudun yashi ya bayyana, shi ne lokacin aminci. Amma mu da muke wuni a kansa mun san cewa a sa'an nan ne dutse yake matsowa kusa da farfela, kuma a wuraren da masu haƙar yashi suka yi aiki, mutum yana tafe ruwa iya gwiwarsa, taku ɗaya sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsa. Na taɓa jawo wasu samari da injinsu ya mutu, suna riƙe da filafili ɗaya tak ba su san yadda ake sarrafa shi ba, ruwa kuwa yana tafiya da su a gicciye, kuma da na tambaye su wa ya iya iyo, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ba laifinsu ba ne, gama wanda ya tashi a Miskin bai tashi a bakin ruwa ba.

Ba mu manta da ranar Juma'a 19 ga Afrilu 2024 ba, sa'ad da jirgin katako mai ɗauke da mutum fiye da 300, masu zuwa jana'izar wani mai gari, ya kife a kogin Mpoko, aka tsamo gawa aƙalla 58, har hukuma ta sa aka yi kwana uku ana makoki a ƙasa. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin, kuma hukuncin lodi ɗaya ne ga babban jirgi da ƙaramin kwalekwale.

Saboda haka wanda ya yi niyyar fita, to, ya tafi da matuƙin da ya san hanyar ruwan, ya kuma duba ratar da ke tsakanin ruwa da bakin kwalekwale bayan kowa ya zauna, in ba ta wuce taƙi ba a rage mutane. Kowa ya ɗaura rigar da ke hana nutsewa, ya ja igiyoyinta sosai, domin babbar riga da hijabi, in sun sha ruwa, nauyi suke zama. Kada a miƙe tsaye don ɗaukar hoto, kada a taru a gefe guda. A fara da haurawa sama, domin in mai ya ƙare ruwa ya komo da ku wajen gida, a kuma juyo da la'asar tun da sauran rana, gama duhu a nan ba ya jinkiri, hadarin farkon damina kuma da yamma ya fi tasowa.

Sau da yawa in na faɗi wannan a gaɓa sai a ce mini, "Malam, kowa da ranarsa, wanda ruwa ya ci ai shahidi ne." Haƙiƙa ajali a hannun Allah yake, amma malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin ta tsare su, sun kuma karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙon sababi, kuma duk wanda ya kama inji da mutane a bayansa ya ɗauki amanar rayukansu. Ina roƙon iyaye su tambayi 'ya'yansu wa zai tuƙa kafin su ba da kuɗin haya, ina roƙon limamanmu su ambaci wannan a huɗuba kafin Salla, abokan sana'ata kuma kada su miƙa jirgi ga wanda bai iya ba, komai yawan abin da ya biya. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.