Takalmin hawan dutse: kafin ka biya kuɗin wanda ruwa ba ya shiga

Masu shirin hawan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419 a Jihar Taraba kan iyakar Kamaru, sukan aiko mini da tambaya iri ɗaya: wane takalmi ne ruwa ba ya shigarsa? Tambayar tana kan hanya, domin tafiya ce ta ciyawa mai raɓa da taɓo da ƙoramu. Sai dai ni a jerin abin da nake dubawa, hana ruwa na uku ne. Dacewa da ƙafa da riƙon ƙasa suna gabansa.

Takalmin da ruwa ba ya shiga yana da wata siririyar shimfiɗa tsakanin fatar waje da yadin ciki. Wadda aka fi sani ita ce Gore-Tex, da ta samo asali daga binciken Bob Gore a Amurka a 1969. Ƙofofinta sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi yana iya fita. Fitar tururin tana tafiya daidai ne idan waje ya fi cikin takalmin sanyi da bushewa. A zafi mai laima gumin zai taru, ka cire safa sharkaf kana zargin takalmi, alhali ruwan daga ƙafarka ya fito. Sannan duk tsadarsa, bakinsa a buɗe yake. Ka taka ƙoramar da ta wuce idon sawu, ruwa ya kwarara ta sama, shimfiɗar da ke hana shi shiga ita za ta hana shi fita.

Don haka ka fara da tambayar ina za ka, kuma yaushe. Mai hawan duwatsun Shere na Jos ko Kufena ta Zariya da rani bai da buƙatar wannan shimfiɗa, takalmi mara nauyi mai shan iska ya fi masa. Mai zuwa Mambila da damina, ko Kilimanjaro ta Tanzaniya mai mita 5,895 inda sanyi ke daskarar da ruwa, shi ya kamata ya saya, kuma mai wuya wanda ya rufe idon sawu. A wurin tsallake rafi ka tuɓe shi ka sa sandal mai maɗauri.

Idan ka ɗauki takalmin, ja harshensa ka gani. In an ɗinke shi da gefe biyu har kusa da sama, madalla. In a sake yake, nan ruwa da tsakuwa za su bi. Yawan ɗinki yawan kafar ruwa ne. Juya shi ka dubi tafinsa: haƙoran su zama masu zurfi, da tazara tsakaninsu yadda laka za ta riƙa zubewa. Ganin sunan Vibram a tafin, kamfanin Italiya da Vitale Bramani ya kafa a 1937, alama ce mai kyau, ko da yake a kan dutse mai gansakuka babu tafin da ba ya santsi. Lanƙwasa shi da hannu. Ya kamata ya lanƙwasu wajen yatsu kaɗai, in ya naɗe kamar tabarma, kowane tsinin dutse sai ka ji shi a tafin ƙafarka.

Gwaji shi ne inda aka fi yin asara. Je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ɗauke da safar da za ka yi tafiyar da ita. Kafin ka ɗaure igiya, tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa baki, ka ga ko yatsan hannunka zai shiga bayan dunduniya. In bai shiga ba ya yi maka kaɗan, ko da mai shago ya rantse zai buɗe. Ɗaure shi sosai ka sauka matakala. Dunduniya kada ta riƙa ɗagawa, don gogar nan ce ke kawo bororo. Yatsu kuma kada su bugi gaba. A gangara ake gane wannan, mutum ya wuni yana saukowa babban yatsa na dukan baki, ya dawo gida farce ya yi baƙi, bayan makonni ya fita. Gwada ƙafa biyun duka, ka saya da girman wadda ta fi girma.

Da yawanmu a gwanjo muke saye, kuma ana dacewa. Amma akwai tarko. Sashen da ke tsakanin tafi da jikin takalmi sau da yawa da wata roba ake yin sa mai suna poliyuritan, wadda laima ke cinyewa a hankali ko da ba a sa takalmin ba. Sai ka ga sama fes, kwana ɗaya a daji tafin ya ɓare. Danna wurin da farce, in ya tsage ko yana marmashewa ko yana danƙo, ajiye musu kayansu. In ka saya, cusa busasshiyar takarda a ciki ka tsayar da shi a baho, ruwa ƙasa da bakin, na ɗan lokaci. Duk inda takardar ta jiƙe, nan ne kafar.

Safar auduga ka bar ta a gida, tana riƙe gumi ta sa fata ta yi laushi ta saluɓe. Nemi ta ulu ko ta roba, da ta canji. Sabon takalmi kuwa ka yi makonni kana yawo da shi a gari kafin ranar tafiya. In ya jiƙe a zango, kada ka kanga shi a bakin wuta, zafi yana sakin gam yana kuma busar da fata ta tsage. Zare shimfiɗar tafin ciki, sassauta igiya, cika shi da tsohuwar jarida, ka ajiye inda iska ke kaɗawa, kana canja jaridar duk sanda ta jiƙe.