Sunan Jami'a Ne Ke Ba Da Aiki?

Tambaya: Ɗana ya samu gurbi a Jami'ar Jihar Sakkwato, amma ya dage sai ya sake rubuta JAMB baɗi don ya shiga ABU Zariya, wai sunanta ke ba da aiki. Me zan yi?
Wani uba, Giyawa

Amsa: Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Yaron yana da 'yar hujja: tun 1962 aka kafa ABU, kuma sanayya da tsofaffin ɗalibanta tana taimakawa wajen neman aiki.

Amma ka fara bincika ko hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin da aka ba shi. In ta amince, zai yi bautar ƙasa daidai da ɗan ABU. Masu ɗaukar aiki da yawa matakin digiri suke dubawa, galibi 2:1, wasu kuma suna sa iyakar shekaru. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma sakamako take dubawa kafin ta ɗauki ɗalibin digiri na biyu.

Ka zaunar da shi ku tattauna. In kwas ɗin ne burinsa, ya je ya yi rajista, ya riƙe karatu da gaske. Sai an gwada akan san na ƙwarai.