Darasi: Tsaron Makarantun 'Ya'yanmu, Ina Ya Kamata A Fara?

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan tsaron makaranta ne, musamman Islamiyyun da muke tura yaranmu safe da yamma, wasu har da dare.

Idan ba ki manta ba, a ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 2021, bayan an sace 'yan matan sakandaren Jangebe ta jihar Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10 da ke wajen birni. Cikinsu har da sakandaren Kafin Maiyaki da ke nan ƙaramar hukumar Kiru. Aka kuma rufe wasu manyan makarantu 4, har da kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada. Ba wai an kai musu hari ba ne, a'a, gudun abin da ka je ya zo ne. Mu da ke tsakanin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa mun san dalili, don dajin Falgore na bayanmu, kuma ɓarayin shanu sun daɗe suna fakewa a cikinsa kafin sojoji su mai da shi filin atisaye a 2017.

To amma rufe makaranta dai ba tsaro ba ne, tsayar da karatu ne. Kuma kin fi ni sanin cewa yarinyar da ta dawo gida ta yi wata biyu tana talla, da wuya ta sake komawa aji.

Akwai masu cewa ai makarantun boko na kwana kawai ake nufa, Islamiyya ba ruwanta. Wannan magana ba haka take ba. A watan Disamba na 2020, kwanaki kaɗan bayan kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta a ƙaramar hukumar Ɗandume, suna kan hanyar dawowa daga taron Mauludi da dare. Allah ya sa mutanen gari da 'yan sintiri da jami'an tsaro suka bi sawu nan take, aka kuɓutar da su. A watan Mayu na 2021 kuwa, a Tegina ta jihar Neja, da rana tsaka aka shiga Islamiyyar Salihu Tanko aka kora yara sama da 100 daji, wasunsu ba su wuce shekara 5 ko 6 ba. Sai da suka yi kusan wata 3 a hannun mutanen nan, kuma ba duka ne suka dawo da rai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duba bambancin waɗannan biyu da kyau. A Mahuta abin da ya yi amfani shi ne labari ya isa ga jama'a da wuri, kuma an sami waɗanda suka tashi. Wannan kuwa abu ne da ko ƙauyen da ba shi da ofishin 'yan sanda zai iya tanada tun kafin a buƙace shi.

Sannan ba kullum ne haɗarin ke zuwa daga daji a kan babura ba. Kowace uwa a Kano tana tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka ɗauke a watan Disamba na 2021 tana dawowa daga Islamiyya. Wanda ya ɗauke ta mai makarantar bokon da take zuwa ne, ta san fuskarsa, shi ya sa ta bi shi ba gardama. A 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Katanga komai tsawonta ba za ta hana irin wannan ba, tun da ba a cikin makarantar aka yi ba, kuma ba baƙo ne ya yi ba.

Saboda haka ni a ganina, kafin a yi maganar katanga da waya mai ƙaya, a fara da lokacin tashi. Nan ne rauninmu yake. Yara ɗari biyu su fito rututu gab da magariba, malamai suna saurin alwala, ba wanda ya san wane ya tafi da wane. Kowace Islamiyya ta tanadi littafi ɗaya, a rubuta sunan yaro, sunan wanda aka yarda ya ɗauke shi, da lambar wayar gida guda biyu. Ko kawunsa ne ya zo, in ba ya cikin littafin, a kira gida tukuna. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Ke kuma a gida ki koya wa yaranki wannan ƙa'ida har ta zauna musu: ba a shiga adaidaita ko hawa babur ɗin kowa, ko malami ne, ko maƙwabci, sai Umma ko Abba sun faɗa da bakinsu. Ƙanana su tafi a ayari tare da babba, kuma ki san minti nawa hanyar take ci. In lokacin ya wuce da kwata, ɗaga waya, kada ki ce bari a ga bayan sallah.

Katanga tana da kyau in da hali. Makarantar Kuriga ta jihar Kaduna, inda aka kwashe yara a watan Maris na 2024 suna taron safe, a lokacin a buɗe take ta kowane gefe. Amma a lura, katanga mai ƙofa ɗaya tal da kwaɗo a jiki tarko ce ranar gobara ko ranar firgici. A shiga ta ƙofa ɗaya wadda maigadi ke zaune a bakinta, a bar ta biyu wadda ake buɗewa daga ciki, malamai duka su san inda makullinta yake. Maigadin ma a zaɓo mai ƙarfi a jika wanda ya san mutanen unguwa, a kuma biya shi a kan lokaci. Sau da yawa tsoho muke ɗorawa a kan benci don tausayi, sai ka same shi yana gyangyaɗi. Taimaka masa daban, gadi daban.

Ban goyi bayan a ajiye makami a makarantar yara ba, haka kuma ban ga amfanin tsorata su da labarin 'yan bindiga kullum ba. Yaron da ke cikin fargaba ba ya riƙe hadda. Ya isa a gwada musu sau ɗaya a zango, cikin raha, inda za su nufa in an kaɗa ƙararrawa sau uku.

Wata za ta ce, Malama, ai tsari na Allah ne. Haka ne, babu shakka. Amma ki tuna a cikin Suratu Yusuf, Annabi Ya'aƙub (AS) ya umarci 'ya'yansa su rarrabu wajen shiga gari ta ƙofofi daban-daban, alhali yana mai dogaro ga Ubangijinsa. Haka nan Imam Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da Manzon Allah (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali. Addu'ar fita daga gida da azkar na safe da yamma mu koya wa yara, mu kuma yi namu ƙoƙarin.

Saura batun tafiye-tafiye, wato Mauludi, musabaƙa da walimar sauka a wani gari. Kada ki sa hannu a takardar izini sai kin ji ƙarfe nawa za a dawo da kuma hanyar da za a bi. In ta Falgore ce, ko wata hanyar daji, a dawo da rana, ko a kwana can. Ki yi wa maigida maganar cikin ladabi ya kai ta taron iyaye da malamai, domin su ne za su zauna da mai unguwa, dagaci da shugaban 'yan sintiri a karɓi lambobin wayarsu, a manna a bangon ofishin shugaban makaranta, a kuma ba kowane malami ya adana a wayarsa.