Darasi na Tara: Kimiyyar Harshe a Binciken Laifuka

Binciken laifuka na kimiyya shi ne amfani da dabarun kimiyya wajen gano mai laifi da wanke marar laifi. Masu digiri na biyu a wannan fanni sukan ƙware a nazarin zanen yatsu, ko jini, ko harshe. Na ƙarshen ne ya shafe mu.

A shekarar 1950 aka rataye Timothy Evans a Ingila bisa zargin kashe 'yarsa, aka kuma yi masa afuwa a 1966. A 1968 masanin harshe Jan Svartvik ya nazarci bayanansa da 'yan sanda suka rubuta. Ya gano cewa ginin jimlolin sassan da suka ɗora masa laifi ya sha bamban da na sauran, abin da ke nuna hannun wani a ciki.

Jami'ar Aston da ke Ingila tana koyar da wannan fanni a matakin digiri na biyu. Tushensa kuwa shi ne tsarin sauti da ginin jimla da karin harshe, waɗanda ɗalibin Hausa yake koyo.

Auna Fahimta: Kawo siffofi uku da za su bambanta muryar Basakkwace da ta Bakano a saƙon barazana na waya.