Yadda Jamus ta ƙera tankokin gwaji da sunan tarakta

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus ƙera tankar yaƙi ko sayo ta daga waje, ta kuma ƙayyade sojojinta na ƙasa a kan mutum 100,000. Saboda haka aikin ya fara ne daga raɗa suna. A takardun ofishin makaman soja aka rubuta Grosstraktor, wato babbar tarakta, daga baya kuma Leichttraktor, tarakta maras nauyi. Duk wanda takardar ta faɗa hannunsa zai ɗauka maganar noma ake yi.

Da an gama da suna sai a zaɓi bindiga, domin ita ce ke yanke sauran hukunci. Faɗin bakinta ne zai nuna girman harsashi, girman harsashi ya nuna faɗin kan tanka mai juyawa, shi kuma kan ya nuna faɗin gangar jiki da irin injin da zai ja ta. Babbar tarakta an ɗora mata gajeriyar igwa mai faɗin baki milimita 75, ƙaramar kuma aka ba ta mai milimita 37. Injiniyoyi na rubuta L/24 a gaban ta farko, L/45 a gaban ta biyu, ma'ana tsawon bututun ya ninka faɗin bakin sau 24 ko sau 45. Idan ka buga lissafi za ka tarar ta farko mita 1.8 ce, ta biyu kusan mita 1.7. Tsawo kusan ɗaya ke nan, amma aiki ya sha bamban. Mai faɗin baki tana jefa harsashi mai nauyi cike da abin fashewa, ba ya gudu sosai, aikinsa tarwatsa ramin sojoji da maɓoyar mashinga. Siririyar kuwa harsashinta ƙarami ne, sai dai yana fita da gudun da zai huda sulken wata tankar. A wajena wannan zaɓin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, don tambayar da yake amsawa ita ce: wa wannan motar za ta fuskanta, mutum ko ƙarfe?

Daga nan sai a raba kwangila. Ba a damƙa wa kamfani ɗaya ba. Krupp da Rheinmetall da Daimler-Benz kowanne ya ƙera babbar tarakta biyu, shida ke nan, kowace tana ɗaukar mutum shida, nauyinta wajen tan 16. Ta Daimler-Benz Ferdinand Porsche ne ya jagoranci zanenta. Krupp da Rheinmetall sun sa injin jirgin sama na BMW mai ƙarfin doki 250. Ban da igwa akwai mashinga, har da wata a ɗan ƙaramin kai na baya mai tsare ƙeya. An kuma so motar ta iya iyo, shi ya sa aka tanadar mata farfela. Ƙaramar tarakta guda huɗu aka yi a 1930, biyu daga Krupp, biyu daga Rheinmetall, injinsu a gaba, kan mai juyawa a baya.

Jikin kuwa da ƙarfe na gama-gari aka haɗa shi, ba ƙarfen sulke ba. Hikimar a fili take. Ƙarfe mai laushi ya fi arha, ya fi sauƙin yanka da hudawa, idan aka ga kuskure sai a kwance a sake. Motar gwaji ba fagen fama za ta ba, nauyi da siffa ake son ta kwaikwaya.

Sai babbar matsala: ina za a tuƙa ta a harba igwarta ba tare da Faransa da Ingila sun ji ba? Tun 1922 Jamus da Rasha ta Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar Rapallo, kuma a inuwar wannan hulɗa aka buɗe makarantar tankoki kusa da birnin Kazan, aka kira ta Kama. Ta yi aiki daga 1929 zuwa 1933. Motocin an kai su a matsayin kayan noma. Hafsoshin da za su tafi kuma sai a sallame su daga soja a takarda, su yi tafiya cikin kayan farar hula.

A Kama gani ya kori ji. Igwa ba ta ba da wahala sosai ba, ƙafafu ne suka hana barci. Sarƙa tana zamewa daga kan tayoyi idan aka sha kwana a taɓo, giyabos yana cin haƙoransa, birkin da ake juya motar da shi yana ɗaukar zafi. Biyun Daimler-Benz ba su yi wata tafiyar kirki ba suka kwanta, na Rheinmetall ne suka fi jure hanya. Kullum makanikai na ƙarƙashin mota, a kwance wannan, a sake wancan, a rubuta tafiyar da aka yi kafin wani abu ya karye. A nan ne kuma aka gwada rediyo a cikin tanka, aka kuma lura cewa mutum ɗaya ba zai iya leƙen abokan gaba, ya saita igwa, ya kuma ba direba umarni a lokaci guda ba. An yi odar ƙaramar tarakta 289 a 1931, aka soke a shekarar da ta biyo.

Da aka rufe Kama aka dawo da motocin gida, sai aka gwada haɗa bindigogin biyu a kai ɗaya. Wannan ita ce Neubaufahrzeug, mai igwar 75 da ta 37 tare, ga ƙananan kawunan mashinga biyu, gaba da baya. Biyar kacal aka yi, biyu da ƙarfe mai laushi, uku da sulke na gaske, kuma ukun nan an sauke su a Oslo a watan Afrilun 1940. Kaya sun yi wa mota ɗaya yawa, kwamanda ba ya iya kula da kawuna uku. Sai aka raba aikin gida biyu: igwar milimita 37 ta hau Panzer III na farko, gajeriyar ta milimita 75 kuma ta hau Panzer IV, kowace da mutum uku a cikin kanta, kwamanda da maharbi da mai ɗura harsashi.